Shuɗin da Baban Kifi Bai Gani Ba

Baban Kifi ake ce masa, alhali bai taɓa kama kifi ba, ko a miya ma ba ya ci. Aikinsa kula da akwatunan gilashi na ruwan gishiri, irin waɗanda ake ajiyewa a ofisoshi da otal-otal, kifaye masu launi suna kai da komo a tsakanin rassan murjani mai rai, wata halittar teku mai tsiro kamar itace. Yana saurayi ya fara, da wankin gilashi a shagon wani mai sayar da kifin ado. Kafin gemunsa ya yi fari ya zama mai kansa, yana yawo a babur da jakar fata, daga wannan ofis zuwa wancan.

A jakar akwai 'yan kwalabe kamar na turare, da kati mai layin launuka. Kashin kifi da ragowar abinci in sun ruɓe a ruwa sukan bar abu biyu, naitiret da fosfet. Murjani na son kaɗan daga cikinsu, amma in sun yi yawa sai gansakuka ta taso ta shaƙe shi. Ba a ganinsu a ruwa sai an ɗebo a kwalba, an ɗiga magani, an girgiza. Naitiret ya mai da ruwan ja-ja, fosfet ya mai da shi shuɗi. Sai a kara kwalbar da kati a bakin taga a ga layin da ta yi daidai da shi. A nan ya yi suna. Samarin sana'ar duk sun sayi na'ura mai nuna lamba, shi kuwa dariya yake musu.

"Taku batir take ci," in ji shi. "Tawa kyauta Allah ya ba ni, guda biyu."

Sai wata yana ta fara rufe masa ido, a hankali, babu ciwo. Duniya ta koma kamar ana kallonta ta gilashin tsohuwar fitila. Ja yana gani. Shuɗi mai haske ne ya gudu ya bar shi. Zuciyarsa ta raya masa, ya ƙi saurara.

Akwatin da ya fi ji da shi yana ɗakin jira na wata likitar haƙori. Akwai reshen murjani a ciki da ta rena tun yana kamar ɗan yatsa, har ya yi girman kan mutum. A bayan akwatin akwai 'yar jaka cike da tsakuwa mai tsotse fosfet, wadda ake sauyawa da zarar kwalba ta fara shuɗi. Kwalbar Baban Kifi kuwa ta daina yin shuɗi, don haka jakar ta tsufa a wurin.

"Baba, reshen nan fa ya koma ruwan ƙasa," in ji Likita wata safiya. "Ga gansakuka kamar gashi."

Ya ɗiga, ya girgiza, ya kai bakin taga. "Fari tas, Likita."

Ba ta ko duba ba. Ba ta taɓa dubawa ba. "To mene ne ke cinsa?"

Ya waiga. Can gefe mai sharar wurin tana goge ƙasa, wata dattijuwa da ke ba kifayen abinci kullum safe, har ta raɗa wa kowanne suna.

"Wa ke ba su abinci?" ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Likita ta juya ta dubi dattijuwar.

"Iya, ba na ce miki ɗan kaɗan ba?"

"Wallahi kaɗan nake sa musu, ranki ya daɗe. Abin da yatsa biyu suka ɗauka."

Likita ta ɗauke gwangwanin abincin ta kulle a durowa. Baban Kifi ya sunkuyar da kai yana rufe jakar da ta riga ta rufu. Da zai fita ya ɗebi ruwan akwatin a wata gora, bai ma san dalili ba.

Matarsa tela ce, kekenta a bakin tagar falo. Da la'asar ta same shi zaune, bai taɓa abincinsa ba.

"Maigida, miƙo min zare shuɗi."

Ya miƙa. Ta juya shi a hannu.

"Toka-toka ne wannan."

"Hasken ɗakin ne."

"Haske? Rana har kan gwiwarka." Ta tsai da keken. "Ranar nan ka fita da safa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya, na yi shiru. Ka yaba wa maƙwabciya koren mayafi alhali shuɗi ne, na ce wasa kake. Sai yaushe za ka faɗa? Sai ka hau babur ka shiga bayan mota?"

Ya jawo jaka, ya zuba ruwan gorar a kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza, ya ajiye a kan kekenta kusa da kati.

"Me kika gani?"

"Kai me ka gani?"

"Ruwa."

"Bula na gani, Maigida. Da zan zuba farar riga a ciki sai ta rine." Ta sa farce a layin ƙarshe na katin. "Har ya wuce nan."

Ya daɗe yana kallon kwalbar. Ya ce, "Na sa an ƙwace wa wata tsohuwa gwangwani."

Washegari ya isa wurin Likita kafin marasa lafiya su fara zuwa. Iya na share bakin ƙofa. Ta gaishe shi kamar kullum, har da rusunawa, abin ya fi zagi yi masa ciwo. Ya jira Likita ta fito. Ya ɗebo ruwa, ya ɗiga, ya girgiza, amma bai nufi taga ba. Ya miƙa wa Iya kwalba da kati.

"Iya, duba min. Wane layi?"

Ta goge hannu a zane, ta ɗaga. "Na ƙasa. Mai duhun."

Likita ta matso ta leƙa, ta ɗago tana kallonsa.

"Ba abinci ba ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Jakar baya ce ban sauya ba. Idona ne, Likita. Ya jima."

"Haba Baba. Haba." Ta dafa gilashin. "Murjanin zai tashi?"

"Gindin ya mutu. Kawunan suna da rai. In na yanke su na dasa, muka riƙa sauya ruwa kaɗan-kaɗan, za su kama. Amma zai koma kamar ɗan yatsa."

Ta tsura wa reshen ido.

"Yanke," ta ce. "In ka gama, akwai likitan ido a bene na sama, zan kai ka da kaina. Kwalba kuwa, kafin nan, Iya ce za ta riƙa karanta maka."

Ta buɗe durowa ta ajiye gwangwanin a kan tebur, ta shige ciki. Baban Kifi ya ɗauka da hannu biyu ya miƙa wa Iya, idonsa a ƙasa.

"Ki yafe min."

"Ai da ka ce min tun farko," in ji ta. "Ni ma an kankare min yanar idona, ba zafi."

Ta ɗebi abin da yatsa biyu suka ɗauka ta watsa, tana kiran kifayen da sunayensu. Shi kuma ya naɗe hannun riga, ya ɗauki almakashi, ya zura hannu cikin ruwa yana laluben rassan da suka rage.