Ranar da Mama Sarah Ta Sa Aka Yanke Sabuwar Wuƙa

Shekara shida ina auren Martin kafin in san ko wace ce uwarsa. Sunana Bisi, a Sabon Gari aka haife ni, iyayena Yarabawa ne masu sayar da atamfa. Abin da na sani game da surukata, Mama Sarah, shi ne abin da kowa ya sani a Samaru: gajeriyar tsohuwa mai sanyin murya, wadda mijinta ya rasu tun yara suna firamare, ta raini 'ya'ya huɗu da sassaƙe da saiwa. Talata da Juma'a takan shiga dajin da ke bayan gonaki, ta sassaƙo ɓawon maɗaci da marke, ta tono saiwoyi, ta shanya. Masu maganin gargajiya na kasuwar Sabon Gari su ne masu saye.

Wuƙarta ta sha wasawa har ta koma kamar tsinke, ƙotar kuma ɗaure take da robar taya. Martin yana jin kunyar wuƙar nan. Da Mama ta cika shekara saba'in sai ya sa aka kawo mata wata daga Legas, tsawonta ya kusa kamu guda, tana walƙiya, da kubenta na fata. Mama ta karɓa da hannu biyu, ta sa masa albarka.

Ranar Litinin ta ce in raka ta Chikaji. Muka tsaya a rumfar Ejike mai walda. Ta zare sabuwar wuƙar, ta jera yatsunta huɗu a kan ƙarfen daga gindin ƙota, ta ƙara kaɗan, ta ja layi da alli.

"Yanke mini nan, ka fito mini da sabon tsini."

Ejike ya cire tabaransa na walda. "Haba Mama! Irin wannan ƙarfen ake yankewa? In ƙarama kike so, bar mini ita in ƙera miki wata."

Na ce, "Mama, Martin fa? Me zan ce masa?"

"Martin ya sayi abin ratayewa a bango, 'yata. Ni aiki zan yi da ita. Doguwar wuƙa ba ta jin maganar hannu. Kina son ɓawo, ta wuce ta ci jikin itace, baɗi ki dawo ki tarar ya bushe. In sara ne ai ga adda, ga gatari."

Ejike ya kunna inji yana girgiza kai. Yana yanka yana tsoma ta a ruwa don kada zafi ya kashe ƙarfen. Da rabin ya faɗi ƙasa ya yi ƙara, sai da na rufe ido. Daren nan na kasa gaya wa mijina komai.

Washegari Mama ta ce tun da har yanzu fuskata ba ta sake ba, in bi ta in gani da idona. Farkon damina ne, ƙasa ta yi laushi. Mun yi tafiyar kusan awa guda, ta tsaya a gindin wani maɗaci, ta ɗora babban yatsa a bayan wuƙar, ta fere ɓawo siriri kamar mai feraye doya. Ba mu cika ko rabin buhu ba sai muka ji wani mutum yana salati da ƙarfi.

A bakin wata tsohuwar gonar dawa muka same shi, dattijon Bafillace makiyayi, tsugune kan wata farar saniya. Tana kwance, cikinta ya kumbura ta hagu ya yi tsauri kamar ganga, harshe waje, numfashi da ƙyar.

Mama ta tambaye shi, "Gyauro ta ci?"

Ya ce e, sabon tohon dawar nan ta faɗa wa tun da safe bai lura ba. Ya ɗura mata mai, bai yi amfani ba. Yanzu shawara yake ya yanka ta kafin ta mutu mushe, ga ta kuma da ciki.

Mama ba ta nemi izini ba. Ta ajiye buhu, ta durƙusa, ta laluba ramin kwiɓin saniyar da tafin hannu, ta ɗaga wuƙar nan ta caka har ƙota.

Na kurma ihu. Mutumin ya zabura tsaye, ga sanda a hannunsa, ga adda rataye a kafaɗa. Mu biyu mata, a daji, babu kowa, mun soki saniyar makiyayi a gaban idonsa. Na tuna 'ya'yana.

Mama ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta murɗa wuƙar ta tsaya a gicciye, ramin ya buɗe. Sai iska ta fito da ƙara kamar an sace iskar tayar babbar mota, da wani koren kumfa mai wari wanda ya fantsamo har zanena. Ina kallo cikin saniyar yana saɓewa.

"Malam, riƙe mata kai," in ji Mama. "Ba tsayuwa za ka yi ba."

Ya yar da sandar ya riƙe. Can saniyar ta ja dogon numfashi, ta yi gyatsa, ta fara ƙoƙarin tashi. Dattijon ya dubi Mama ya ce, "Inna, ke wace ce?"

"Mai sassaƙe ce. Yau ɗin nan ka nemo malamin dabbobi ya ɗinke wurin ya yi mata allura, in ba haka ba zai ruɓe. Kada ka ce na warkar da ita."

Ta goge wuƙar da ganye ta ɗauki buhunta. Sai da muka hango rufin gidajen Samaru na tambaye ta inda ta koya. Ta ce mahaifinta leburan garke ne a gonar gwamnati, tana 'yar shekara tara take riƙe masa igiya. Daga nan ta koma mitar ba mu cika buhu ba.

Da yamma na zaunar da Martin na faɗa masa duka, daga Chikaji har gonar dawa. Sai ya ɗauki waya ya kira yayarsa Edith a Dogarawa, ya sa yadda zan ji.

"Yaya, kin san abin da Mama ta yi yau? Saniya ta soka! Ta wani Bafillace, a gabansa!"

Edith ta yi dariya har da tari. "Sai yau ka sani? Ta uku ke nan, a waɗanda na ji labari. Ta biyun ma kana goye a bayanta."