Tankin Baba Fannami

A gidan man da ke hanyar Malam Madori, wani dattijo na durƙushe a gefen tsohuwar akori-kura mai shan dizal, wadda ke ƙaurin bandar kifi. Baba Fannami ake kiransa. Gemunsa fari fat, amma hularsa a karkace take kamar ta saurayi. Ya sa an cire wa motar tankinta na asali, an ɗaura wani ƙato, ko fenti ba a shafa wa waldar ba.

Yana tsiyayo mai daga gindin tankin cikin kwalba, yana ɗaga ta sama ya ga ko ruwa ya kwanta. Daga gani, ya sha tura mota a lakar Auyo lokacin ambaliya, inda ba gidan mai.

Ɗansa, magidanci, na tsaye riƙe da makullin. Da alama a gida an gama shawarar raba tsohon da tuƙi.

"Baba, dizal fa ba ya son zama. Yanzu ba kullum kake fita ba. In ka cika wannan tanki, kafin ka ƙone shi ya tara ruwa da dauɗa, ya kashe injin."

Dattijon ya miƙe da ƙyar, ya fizge makullin.

"Gaskiya ka faɗa, zama ke lalata shi. Shi ya sa ni ba zan zauna ba." Ya juya ga mai zuba man. "Cika min shi taf."