Bana mai saye ne ya biyo Idi har ƙauye

Jiya da hantsi ina zaune a zaurena nan Tudun Wada, sai ga ƙanena Malam Idi ya yi sallama, ya ajiye mini zabi biyu.

Waken suya yake nomawa a ƙauyenmu. Duk shekara idan ya kai 'yan buhunansa kasuwa, kuɗin mota da na 'yan dako da la'adar dillali kan cinye ribar. Bara har ya ce zai bar noman.

Na ce, "Idi, waken ne ya yi tsada?"

Ya ce, "Ko kusa, Yaya. Haɗa kayanmu muka yi da maƙwabta a ƙofar gidan Mai'unguwa, har ya isa cika babbar mota. Muka aika wa mai saye, in yana so ya zo da kansa."

"Ya kuwa zo?"

"Da motarsa da 'yan dakonsa. Dillalina ma ya bugo waya, wai ko lafiya bai gan ni ba. Na ce masa ban taɓa samun lafiya irin ta bana ba."

Ya tafi yana lissafin irin da zai keɓe don baɗi. Alhamdu lillahi.

Jama'a, ko manoman yankinku sun taɓa gwada wannan dabara?