Yaya Salisu da Lambar Bindigar Baba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Salisu a nan Riyadh. Shi ya riga ni zuwa, shi ya samo mini kafili, wato ubangidan da zai tsaya mini, kuma ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Ulaisha. Yana aikin walda a Sulay, ni ina tuƙi. Duk wanda ya taɓa cin abinci da shi ya ji zancen lambar Baba, ko yana so ko ba ya so.

Mahaifinmu yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Ya dawo ba ya son zancen, takardunsa na sallama kuwa gara ta cinye su tun ba a haife mu ba. A garinmu akwai masu cewa bai taɓa riƙe bindiga ba, dakon kayan Turawa kawai ya yi a daji. A gabanmu ake faɗa, ana dariya. Da tsufa ya ci ƙarfinsa, ya manta sunayenmu, ya manta hanyar masallaci, amma akwai wata lamba da yake maimaitawa da Turanci, harafi ɗaya da lambobi a bayansa, yana miƙe ƙirji kamar wani babba ne ya tambaye shi. Yaya ne ya yi jinyarsa, shi ya haddace ta.

Mun ɗauka lambarsa ce ta soja. Yaya ya kai wa tsofaffin sojojin da suka rage a gida, suka ce ba ta yi kama da tasu ba. Da wannan damuwar ya zo Saudiyya.

Wata rana wani dattijo Balarabe ya ba shi aikin kabad na ƙarfe mai kulle. Da ya kai masa gida, ashe tsofaffin bindigogi mutumin yake tarawa, da izinin hukuma. Yaya ya ga lambobi a jikinsu, sai ya karanta masa ta Baba. Dattijon ya sa ya maimaita, sannan ya ɗauko wata doguwa mai jikin katako, ya nuna masa wurin da aka buga tata kusa da mariƙi. Ya ce wannan ba lambar mutum ba ce, ta bindiga ce irin wannan, kuma farkonta yana nuna masana'antar da ta ƙera ta a Ingila, ana tsakiyar yaƙin.

Yaya ya ce masa da Larabci, "Ya ammi, za ta nuna wanda ya riƙe ta?"

Dattijon ya girgiza kai. "Shekararta da inda aka yi ta kawai za ta gaya maka. Wanda ya riƙe ta, sai Allah."

Duk da haka Yaya ya dawo ɗaki yana fara'a, ko kayan aiki bai cire ba. Ya ce mini, "Ka gani? Wanda aka damƙa wa bindiga shi ake sa wa ya haddace lambarta. Ɗan dako ina ruwansa da ita?" Na ce haka ne, Yaya, amma masu dariyar ai yawancinsu sun mutu. Ya ce 'ya'yansu suna nan.

Daga nan bai sake hutawa ba. Ya samu wani ɗalibi ɗan gida yana rubuta masa saƙonni zuwa wuraren ajiyar tarihin sojoji a ƙasashen waje. Amsar takan zo bayan watanni, kusan iri ɗaya: a kawo lambar sojan, domin ba a ajiye bayanin wa aka ba wace bindiga ba. Sunan Baba ma ba mu san yadda Bature ya rubuta shi ba. Ni na gaji tun da wuri, shi bai gaji ba. Yana cikin wannan neman ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, lokacin tsananin zafi. Kafin in isa asibiti rai ya yi halinsa.

Kwanan baya na tura wa ɗana lambar ta waya. Kafin shayina ya huce ya aiko mini da masana'antar, da shekarar, har da hotuna. Abin da Yaya ya yi shekaru yana bi, yanzu yatsa ɗaya yake kawowa. Na san da yana nan zai yi murna, ya juya wayar sama da ƙasa, sannan ya ce, to sunan Baba fa? A nan wayar ma za ta tsaya.

Garin ma ya canza. Ga jirgin ƙasa yana ratsa unguwanni, wurin waldarsu ya zama sito, mutanen Maraɗi da Damagaram da suka san shi duk sun koma gida. Ni ma gwiwoyina sun ƙi, idona ba ya jure hasken titi. Na gaya wa kafilina ba zan sabunta iƙama, takardar izinin zamana, ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je maƙabartar Oud in yi masa sallama. Kaburburan nan ba a rubuta musu suna, kuma an ƙara layuka da yawa bayan nasa. Na tsaya inda nake zaton shi ne, na yi wa layin duka addu'a.

Yaya bai samu shaidar da ya nema ba, ba na kuma jin za a same ta. Amma jikokin Baba yau suna cewa kakansu soja ne ba tare da sunkuyar da kai ba, kuma a bakin Salisu suka ji, ba a takarda ba. Zan koma in tarar da su, shi zai zauna a nan. Allah Ya jiƙan Baba, Ya jiƙan ɗan da ya tsaya masa, Ya sa sun huta.