Bututu Mai Ƙarko

Shekarun baya, tun ina da cikin ɗana na fari, tsorona ɗaya kada in haifi kurma, saboda ƙanen mahaifina haka yake. Da aka haife shi, sai in saki faranti a bayansa in ga ko zai zabura. Mahaifiyata ta ce, "Ke 'yar nan, kwanukana za su ƙare kafin yaron ya yi zama."

Yana ji lafiya lau. Bayan yaye ne na lura in na kira shi, sai ya tsura wa bakina ido. Daga Kurfi aka tura mu Dutsin-Ma, daga can sai Katsina. Likita ya ce ruwa ne ya kwanta bayan dodon kunnensa, za a sa ɗan bututu a kowane kunne iska ta riƙa shiga. Ya nuna mana iri biyu a tafin hannunsa. Ɗaya kamar ƙwayar dawa, yana faɗowa da kansa bayan watanni, wataƙila a sake sawa. Ɗayan dogo, mai ƙafafu biyu da ke riƙe shi, ba ya fita sai an cire.

Maigidana ya ce, "Likita, ni ko fartanya zan saya, mai ƙarko nake ɗauka. Daga Ɗantutture fa muke zuwa."

Likita ya ce shi ƙaramin ya fi so a fara da shi, dogon yakan bar rami a dodon kunne. "In kun nace, Malam, sai kun riƙa kawo shi ana dubawa."

Aka sa dogon. Yaro ya ji sauƙi, har surutunsa ya ishe ni. Damina ta zo, roron wake ya biyo baya. In na yi zancen asibiti, maigida ya ce, "Ai mai ƙarkon aka sa." Ranar da na ga mugunya a kafaɗar rigarsa, na ɗauke shi muka koma asibiti. An cire bututun. Kunnen dama ya haɗe, na hagu ramin yana nan.

Yanzu yana makaranta. Sa'anninsa na wanka a kududdufi, shi yana zaune a baki yana tsaron takalmansu. In malami na magana, sai ya karkata kai. Babansa bai ƙara tayar da zancen ba, amma kullum ta daman yaron yake zama.

Don Allah, in za a sa wa ɗanku bututu, ku tambaya wane iri ne, kuma yaushe za a dawo. Ku sa yarona a addu'a.