Motar da Ke Fuskantar Alƙibla

Da yara suka girma suka watse, maigida ya ce mu sayar da gidanmu na garin Pleasant Garden, a nan ƙasar Turawa, mu koma zama a irin motar nan mai gado da kicin. Na ce ban baro Kano don in tsufa a mota kamar kwandasta ba. Aka dai sayar, na rabar da tukwanena ina ƙunƙuni.

A motar babu inda dadduma ke shimfiɗuwa sai siririyar hanyar tsakiya, kuma ba damar karkata ta. Don haka duk inda muka sauka, maigida zai yi ta gaba da baya, ina ƙasa ina duba alƙibla a waya, har hancin motar ya daidaita. Wani Bature ma ya taɓa zuwa cikin tausayi, wai zai koya masa fakin.

A tsohon gida kowa a ɗakinsa yake sallah. Yanzu sau biyar a rana yana gaba ina bayansa, goshina dab da dugadugansa. Har yau ban ce masa ya yi gaskiya ba. Allah kawai na faɗa wa, a sujada.