Idanun Ɗan Fari

Jiya ina kwashe tarkacen tsohuwar adakar Inna sai tandun kwallin Kaka ya faɗo. Fatar ta bushe ƙamas, amma ƙamshin yana nan. Ina kai shi hanci sai ga ni a tsakar gidanmu na Utai, Kaka ta danne kan yayana a cinyarta tana rambaɗa masa kwalli, shi kuma yana ta mutsu-mutsu.

Yayan nan nawa, in ka ji shi yana zuba, ka ce lauya za a yi. Duk abin da ya shiga kunnensa ya zauna daram. Surar da malam ya biya da safe, shi zai biya mana ita a hanyar gona. Amma a ajiye masa littafi, sai ka rantse musanya shi aka yi. Yatsansa ya kama layi, ya tafi, ya dawo, ya tsallake, ya sake dawowa. Ni ƙanwarsa na tarar da shi a aji, na wuce.

"Kaka, baƙaƙen ne ba sa tsayawa," in ji shi.

"Kai tafi can, ja'iri! Baƙi ƙafa gare shi? Kawo idon nan."

Ita kaɗai ta zargi ido, ita kuma yanar ido ta rufe nata, da lalube take sa masa kwallin. Sauran masu idon fa? Ai ka san gidajenmu. Ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kama sunansa, ba ta tsayawa kallon fuskarsa; kunya ce, har yabonta ake yi. In Baba ya kira shi zaure ya yi karatu, sai ya durƙusa ya sunkuyar da kai, domin yaro mai tarbiyya ba ya haɗa ido da babba. Baba yana kallon ƙeyarsa, yana jin inda-inda, ya yanke cewa wasa ne ya yi masa yawa. Aka gwada bulala, aka wanke rubutu ya sha. Gida cike da masu ƙaunarsa, amma ba wanda ya taɓa ganin abin da idanunsa ke yi a kan takarda.

Da damina aka cire shi daga makaranta, gero ya kai gwiwa. Baba ya miƙa masa fartanya ya ce, "Wannan ba ta da baƙi." Ya karɓa da hannu biyu. Da yamma na same shi a bayan rumbu, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya manna littafi a hanci, yana ta gwadawa. Har yau in na tuna, zuciyata ƙuna take yi. Yanzu yana Kara, kasuwar shanun Wudil, furfura ta fito masa, saƙon waya kuwa sai na murya.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne 'yata ta fari. Yatsan nan dai, mai tafiya yana dawowa, shi nake gani a littafinta. Mahaifinta ya ce in wannan zangon ma ba ta ci ba, a kai ta koyon ɗinki.

Maƙwabciyata a nan Sabon Gari tana koyarwa a jami'a. Ta ce mini yanzu akwai na'urar da ke bin motsin ido, ta nuna inda ya tsaya da inda ya koma baya. Ta ce ba magani ba ce, sau da yawa matsalar tana ga yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar haruffa, ido dai yana tona ta ne, kuma akwai hanyar koyar da irin waɗannan yara. Sai ta tambaye ni, "Ke in tana karatu, me kike gani a idonta?"

Ban taɓa dubawa ba. Yadda aka rene mu, haka na rene ta.

Yau da safe na ba ta littafi na ce ta ɗago. Ta ƙara sunkuyawa, 'yar halak. Sai ni na sauka kan tabarma, na leƙa fuskarta ta ƙasa. Idanun suna gudu, suna dawowa, suna neman layin da ya ɓace musu, ƙwalla ta taru. Na kira sunanta da bakina, har sai da ta firgita.

Na aika wa yayana saƙon murya, na ce, "Yaya, na gani a idon 'yata. Ba sa tsayawa."

Da amsar ta zo, kukan shanu ne ya fara cika ta, can sai muryarsa: "To, kada ki bari a cire ta."